Idan aka sake rufe layukan waya a Zamfara, makullin yana hannun wa?

A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin Zamfara domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. 'Yan kasuwar Gusau da Bungudu sun riƙa bin hanyar Tsafe har Funtuwa don kiran waya ko tura kuɗi kawai. Sai ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau.

Matakin ya yiwu ne domin turakun a ƙasa suke. A Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, karon farko a Afirka, lissafin kuma ya sauya.

Tauraron NigComSat-1R da aka harba a 2011 yana nisan kilomita 35,786, inda gudunsa ya dace da juyawar duniya, shi ya sa ake kafa masa faranti a bar shi yana kallon wuri guda. Na Starlink kuwa suna kimanin kilomita 550, kowanne yana zagaye duniya cikin awa ɗaya da rabi. Kusancin yana rage jinkirin saƙo ƙwarai, sai dai tauraro ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci a samanmu, dole a jera dubbai suna miƙa wa juna aiki. An karkata hanyar akasarinsu da digiri 53, abin da ya sa suka fi cunkushewa a saman Turai da Arewacin Amurka. Gusau, da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rabonta bai kai nasu ba. Ba da mu aka yi wannan awon ba.

Duk da haka abin da ke ratsawa ya isa. Na'ura mai faɗin faifai da faranti mai amfani da hasken rana za su haɗa mai POS a Bungudu da intanet ba tare da turke ba; haka za su haɗa wanda ke cikin daji. Idan wani gwamna ya sake neman a rufe layi, mai ƙaramar waya ne zai shiga duhu, mai kuɗin sayen na'urar kuwa sai kamfanin da ke Amurka ya kashe yankin. Lasisin da NCC ta ba Starlink a 2022 ne igiyar da ke hannun gwamnati, kuma ya kamata 'yan majalisar Zamfara su nemi sanin abin da ya tanada game da wannan.