Tarihi a Ƙofar Gida: Mai Kayan Ƙarfe Kafin Zuwan Mota



A hutun da ya wuce mun je kasuwar Augie sayen ƙusa da kwaɗo. A rumfar muka tarar da wani ƙanenmu ɗan aji biyar na sakandare yana tsaron kayan mahaifinsa. Da ya hango 'yan ajinsu tafe, sai ya sunkuya bayan buhu kamar mai neman abin da ya faɗi. Bayan sun wuce muka tambaye shi dalili, ya ce kunya yake ji a gan shi cikin fartanya da gatari. Wannan magana ce ta sa yau za mu koma baya, mu ga yadda mai irin wannan sana'a ya rayu a ƙasarmu a ƙarni na 19.

Mu fara da abin da ke shimfiɗe a gabansa. A lokacin babu shago mai kanta, tabarma ce ko buzu a ƙarƙashin rumfa. A kai akwai hauya da kalme da lauje na manoman fadama, ƙugiya da hargi na masunta, wuƙa da aska, linzami da likkafa na masu dawaki. Sai kuma kayan masassaƙa, wato gatari da gizago. Da gatari ake kayar da itace, da gizago ake fafe shi a daidaita, har a fitar da turmi, taɓarya, akushi, allon karatu, ko jirgin da ake fito da shi a Gulbin Rima. Duk wanda ya taɓa shafa cikin tsohon akushi ya ji sumul ɗinsa, to ya san aikin gizago a hannun gwani.

Yawancin kayan nan a gida ake yin su. Masu narka tama su fitar da ƙarfe daga dutse, maƙera su ɗora shi a uwar maƙera su yi ta dukansa da masaba, yaro na gefe yana zuga wutar gawayin ƙirya. Sau da yawa maƙerin da kansa yake kai kayansa kasuwa. Amma wanda ke tsare da wuta ba ya iya bin kasuwannin nesa, nan ne ɗan kasuwa ya samu wurin shiga. Yakan saro kaya a maƙera, ya ɗaura wa jaki, ya bi kasuwa-kasuwa.

Akwai kuma kayan da suka sha doguwar tafiya. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda a ƙasar nan aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa ya ga allurai daga birnin Nuremberg da ruwan takubba daga Solingen, duk a ƙasar Jamus, waɗanda raƙuma suka ƙetaro Sahara da su. Irin waɗannan ƙananan kaya 'yan koli ke rarrabawa har ƙauyuka. Shi kansa Barth ya sha sayen abinci da allura a tafiye-tafiyensa. Ku duba fa, allurar da muke yarwa ba mu waiwaya ba, ta taɓa zama kamar kuɗi. A 1853 ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu.

To, yaya ake biya? Da wuri. Ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, zube shi ake yi a ƙasa a ƙirga biyar-biyar. A lissafin Barth, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya a Kano. Wuri 20,000 kuwa shi ake kira keso guda. Ga aikin gida nan: keso ɗaya dala nawa ke nan? Wanda ya samu takwas ya ci. Yanzu ku ƙiyasta mutumin da ya wuni yana ciniki, ga shi magariba ta gabato, dole ya ƙirga dubban wuri da hannu, ya cire la'adar dillali, ya ware kuɗin maƙeri, ya ajiye kuɗin fito. Babu kalkuleta, babu littafin rasit. Wanda lissafinsa ya yi rauni, jarinsa ba ya kai baɗi.

Sana'ar tana bin yanayi. Kafin saukar damina kowa hauya yake nema. Da kaka a koma kan lauje. Idan ruwa ya janye daga fadama masunta su zo neman ƙugiya. Rani kuwa shi ne lokacin fatauci. Mai ƙarfin jari yakan shiga ayari a ƙarƙashin madugu, a yi ta yada zango har babbar kasuwa irin ta Jega, wadda ke kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. A can zai sauka gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. In zai dawo ba ya zuwa da jaki haka nan, sai ya ɗoro wani abin da ake nema a gida, kamar gishiri ko goro.

Kada mu ɗauka tafiyar daɗi gare ta. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Augie da Argungu na cikin garuruwan da Kabawa suka riƙe. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, aka shiga shekaru na yaƙi da Gwandu da Sakkwato. An ɗan sarara a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga baya kuma aka koma. A irin wannan hali ƙarfen da za a yi hauya da shi, shi ne kuma ake nema don mashi da kibiya. Ɗan kasuwar da ya fita bayan ganuwa yana iya rasa jakinsa da kayansa, ko a kama shi a sayar, domin zamani ne da ake cinikin bayi a kasuwanni. Duk wanda ya samu zuwa gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga irin makaman wancan lokaci da idonsa.

Amma babban jarin mutumin nan amana ce. Ku ɗauka ya sayar wa manomi hauyar da ƙarfenta bai ƙeru ba, ta karye ana tsakiyar noman fari. Kafin a samo wata ciyawa ta ci gona, abincin gida guda na shekara ya shiga haɗari. Kuma manomin ya san gidan wanda ya sayar masa, ya san iyayensa. Shi ya sa mai kayan ƙarfe na gari yakan ƙwanƙwasa ruwan gatari ya saurari ƙararsa, ya gwada kaifi, kafin ya karɓa daga maƙeri. Yakan ba da bashi da bazara ya jira kaka. Araha ba ta ado, shi kuwa suna in ya ɓaci ba a ƙera wani.

A daidai wannan zamani takwarorinsa na Ingila suna cika shaguna da kayan aikin da masana'antun Sheffield da Birmingham ke fitarwa. A Amurka kuma, a 1869, kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirar wani mutum mai suna Leonard Bailey, ta ƙarfen nan da kafinta ke turawa a kan katako yana fere shi siriri-siriri har ya yi sumul. Irin wannan kayan aiki ya bazu a wajenmu ne bayan zuwan Turawa, musamman da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara samun katakon da aka tsaga da zarto. Gizago dai bai ajiye aiki ba. Har gobe shi ke fafe turmin da ake daka mana fura.

Saboda haka muke cewa ƙanenmu, da duk mai irin halinsa, ya ɗago kai. Rumfar da yake ɓuya a cikinta ita ke biya masa kuɗin jarrabawa, kuma darasin lissafi da na kasuwanci da ake koya mana a allo, a nan ne ake yin su a aikace. A riƙe karatu da kyau, a kuma koyi sana'ar gida, ba a san wanda zai fara yi wa mutum rana ba.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ɗaya a unguwarsu, maƙeri ko masassaƙi ko mai kayan koli. Ku gaishe shi da ladabi, ku ce, "Baba, a wurin wa ka koyi sana'ar nan, kuma wane kayan aiki ne ya fi daɗewa a hannunka?" Ku rubuta sunayen kayan kamar yadda ya faɗa, ku aiko mana ta hannun malaminku na Hausa. Waɗanda suka fi ma'ana za mu kawo su a wannan shafi.

Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.