Kwamfuta Ba Ta San Dala Ba

A kasuwannin Nijar, idan mai tumatir ya ce dala ashirin, mai saye ya san sefa ɗari ake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Ba a buƙatar bayani, al'ada ta riga ta daidaita tsakaninsu. Kwamfuta kuwa ba ta zauna kasuwa ba. Idan ɗalibi ya rubuta ƴar manhaja mai tambaya "Nawa ne kuɗin?", mutum ya buga 20, na'urar ba ta da hanyar sanin dala yake nufi ko sefa. Wannan ƙaramin misali ya isa ya nuna cewa nauyin fahimtar juna yana wuyan wanda ya rubuta manhajar, ba wuyan wanda ya zauna yin aiki da ita ba.

Ɗaliban Hausa da dama sun soma rubuta irin waɗannan gajerun manhajoji a harshen Python, wasu don ƙirga kalmomin wani labari, wasu don jera kalmomi kamar ƙamus, wasu don gwada kansu a kan jam'i da jinsi. Tuntuɓen farko da sukan yi shi ne na nau'in bayani. A wurin Python, cikakkiyar lamba daban take da lamba mai gutsure, dukansu kuma daban suke da rubutu. Duk abin da mutum ya buga ta hanyar umarnin input, rubutu ne a idonta, ko da alƙaluma ne. Saboda haka idan aka haɗa "20" da "30" ba tare da an mayar da su lamba ba, amsar da za ta fito ita ce 2030, ba 50 ba. Abin tsoro a nan shi ne manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta miƙa amsar banza cikin natsuwa, mai karatu kuma ya ɗauka gaskiya ce.

Akwai kuma akasin haka, wato abin da ya yi kama da lamba alhali rubutu ne. Lambar waya a Nijeriya da sifiri take farawa. Da zarar an mayar da ita cikakkiyar lamba, sifirin ya ɓace. Wanda ya yi makaranta da Faransanci a Yamai ko Garwa ko Njamena zai rubuta sha biyu da rabi da waƙafi, wato 12,5, amma Python ɗigo take karɓa, 12.5. Idan ta ci karo da waƙafin sai ta tsaya cak, ta zubo saƙon kuskure da Ingilishi wanda bai gaya wa mutumin komai ba.

Haruffan Hausa ma suna da nasu tarko. Ƙa, ɓa, ɗa da ƴa kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma lambobin nan sun zarce na haruffan boko na yau da kullum. Shi ya sa idan aka bar Python ta jera kalmomi yadda ta saba, "ƙasa" za ta koma bayan "zuma", maimakon ta zauna kusa da "kasa". Haka nan Nijar na rubuta ƴa da harafi mai lanƙwasa, Nijeriya na rubuta 'ya da ɗaurin sama. Manhajar gwaji da ba a sanar da ita wannan ba za ta kayar da ɗalibin da ya amsa daidai, don kawai ya bi ƙa'idar rubutun ƙasarsa.

Wani zai ce wannan duk ɗawainiya ce marar amfani, manhaja ce ta layi goma, mai ita kaɗai ke amfani da ita, kuma binciken kowace amsa zai ninka tsawonta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin binciken yana cin lokaci. Sai dai manhajar da ta yi amfani ba ta daɗewa a hannun mutum ɗaya. Yau an tura wa aboki, gobe ta kai ga malami. Kuskuren nau'in bayani kuma bai taɓa raina girman aiki ba. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kourou, saboda an yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba mai gutsure cikin ma'ajin da bai ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Idan ƙwararrun injiniyoyi sun faɗa wannan rami, bai kamata ɗalibi ya ɗauka shi ya fi ƙarfinsa ba.

Gyaran bai da wuya. Na farko, tambaya ta fito fili: a ce "Rubuta kuɗin da sefa, da alƙaluma, misali 500", maimakon "Nawa ne?". Na biyu, a duba amsa kafin a yi lissafi da ita, a share gurbin da ya yi yawa, a mayar da waƙafi ɗigo, a ɗauki ƴ da 'y abu guda. Na uku, idan amsar ba ta karɓu ba, a kama kuskuren da try da except, a faɗa wa mutum abin da ya faru da abin da zai yi, sannan a sake ba shi dama. "An sami harafi a inda ake jiran lamba, a sake bugawa" ya fi kalmar "Kuskure" ita kaɗai nesa ba kusa ba. Na huɗu, manhaja ta maimaita abin da ta fahimta: "Sefa 500 ke nan, haka ne?"

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin da masanin kwamfuta zalla ba shi da shi. Tsara saƙo gajere, mai ladabi, wanda ba ya ɗora wa mutum laifi, aikin mai sanin harshe ne. Wanda ya san bambancin "ka yi kuskure" da "a sake dubawa" ya riga ya mallaki rabin sana'ar, saura ya koyi sauran rabin a gaban allon kwamfuta.