Kafin ka ce "neman suna yake yi"

Ka taɓa ganin wani ya rubuta a Facebook cewa wata uku ke nan ba ya barci, abinci ya fita ransa, ko wanka sai ya yi da gaske? Leƙa ƙasan rubutun ka sha mamaki. Wannan ya ce rashin tawakkali ne, wancan ya ce aljanu ne, wani ya ce mabiya kawai yake nema. Wataƙila kai ma ka danna alamar dariya ka wuce.

To, tsaya mu yi magana. Ciwon damuwa cuta ce kamar hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, wasu miliyan 40 kuma na da ciwon bipolar. Shi bipolar fuska biyu gare shi. Akwai lokacin da mutum zai yi kwanaki ba ya jin barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, yana jin ba abin da ya fi ƙarfinsa. Sai kuma ya faɗa damuwar da ko fita daga ɗaki ta gagare shi. A gida sai a ce ya cika rigima, ko an yi masa asiri.

Masu fitowa su ba da labarinsu su ne suke karya wannan shirun. Hauwa Ojeifo, wadda ke rayuwa da bipolar, ta bayyana larurarta, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, har ta yi jawabi a Majalisar Tarayya a 2020 kan ƙudirin lafiyar ƙwaƙwalwa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar, ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon marasa lafiyar a matsayin mahaukatan da za a tsare. Da kowa ya yi shiru, da wuya a zo nan.

Ka tuna ba mai rubutun kaɗai ke karanta amsarka ba. Ƙanwarka da ke kuka cikin dare tana gani. Idan ta ga an yi wa wani ca, ita ma ta ja bakinta ke nan.

Kai kuma da ke son ba da naka labarin, ba dole sai duniya ta ji ba. Fara da mutum ɗaya da ka yarda da shi, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Sannan labarin wani ba takardar magani ba ce. Maganin damuwa, idan mai bipolar ya sha shi kaɗai, yana iya tayar masa da wancan zafin kan. Likita ne zai bambance. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ka yi addu'a, ka kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

In kuwa wani ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka wasa ne. Kira shi yanzu, ka sanar da wani nasa, kada a bar shi shi kaɗai har sai ya ga likita.