NIMA DA MAMOBI: WANE IRIN RUWA MUKE SHA?

Iyayenmu, malamanmu, mata da matasan Zango, na nan Ankara da na Aflao, Elubo, Paga da Bawku.

Kafin ranar Asabar 7 ga Disamba, 2024, muna roƙon kowa ya je bakin famfon gidansu ya buɗe shi. In iska ce ta fito, shaida ke nan. In ruwa ya zo, a tara a farar roba, a bar shi ya kwana, da safe a duba gindin robar. Abin da aka gani ya kwanta, shi ne sakamakon shekara takwas na mulkin giwa.

YADDA ƘAZANTA KE SHIGA FAMFO

Ruwan Ankara daga manyan matatu biyu yake fitowa: Weija a kan kogin Densu, da Kpong a kan kogin Volta. A can ana zuba alif don laka ta kwanta, a tace, a sa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. To amma tsakanin matata da kofin ɗanka akwai doguwar tafiya. A lungunan Nima da Mamobi, kowa yana ganin siraran bututun roba kwance a gefen kwata, wasu ma a cikinta, an ɗaure inda suka fashe da leda da tsohuwar roba.

Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, shi ke fita ta wurin fashewar. Ranar da aka ɗauke shi, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwatar da yake kwance a ciki. In ruwa ya dawo bayan kwanaki, wannan ƙazantar ce ke fara isowa gidanka. Shi ya sa na farkon yake zuwa ja, da wari. Kowace ɗaukewar ruwa ƙofa ce ga kwalara da taifot.

Kusan rabin ruwan da Kamfanin Ruwa na Gana ke tacewa yana salwanta a hanya, ta yoyo da sata, ba a karɓar kuɗinsa. Duk ramin da ruwa ya fita ta cikinsa, ta nan cuta za ta shiga. Ga kuma babban lambatun da ya raba Nima da Mamobi, wanda ke kwarara zuwa Odaw, kowa ya san abin da yake ɗauke da shi in damina ta kama.

TALAKA NA BIYA SAU UKU

Na farko, takardar kuɗin ruwa. A Satumba 2022 hukumar PURC ta ƙara kuɗin ruwa da kashi 21.55 cikin ɗari, a Fabrairu 2023 ta sake ɗora kashi 8.3.

Na biyu, mai tanki da mai sayar da galan. Ranar da famfo ya yi shiru, uwa ce ke tashi kafin asuba da galan ɗin Kufuor a ka, yarinya kuma ta makara makaranta tana layi. Mai tuwo, mai koko, mai wanki da guga, ladanin da ke cika butocin masallaci, duk sai sun saya.

Na uku, fiya-wata, tun da ba wanda ya yarda ya ba jariri ruwan famfo. Ledar da muke saye fesuwa 20 lokacin da suka hau mulki, a 2024 ta kai fesuwa 50.

A 2020, shekarar zaɓe, sun ce ruwa kyauta ne saboda korona. Da aka gama zaɓe, a 2021, sai ga harajin korona na kashi ɗaya cikin ɗari, da harajin bola a kan kowace litar mai. Ashe rance ne, ba a gaya mana ba.

ALKAWURA UKU NA 2017

A Afrilu 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ce zai mai da Ankara birnin da ya fi kowane tsafta a Afirka. Gidansa na kansa a nan Nima yake. Ba ya bukatar rahoto, ya leƙa ta taga.

A shekarar aka kafa Ma'aikatar Tsafta da Albarkatun Ruwa. A Yuli 2023 ministarta, Cecilia Abena Dapaah, ta ajiye aiki bayan takardun kotu sun nuna ana tuhumar masu aikin gidanta da sace mata dala miliyan ɗaya da yuro 300,000, ban da sidi. Hukunci na kotu ne. Tamu tambaya ce: bututu nawa wannan kuɗi zai canza a Mamobi? Ma'aikatar Raya Zango ma, da aka yi ta kiɗa da rawa a kanta, a 2021 aka rushe ta, famfonmu yana nan yadda yake.

A Yuli 2017 kuma ya ce ya sa kujerarsa a kan yaƙi da galamse. A 2020 aka ji cewa motocin tono kimanin 500 da aka ƙwace sun yi ɓatan dabo. Tsohon ministansa, Farfesa Frimpong-Boateng, ya rubuta rahoton da ya fito fili a 2023, inda ya nuna yatsa ga wasu na jikin gwamnati. A 2022 suka kawo dokar L.I. 2462 wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a dazuzzukan da aka keɓe. Matasan da suka fito zanga-zanga a Ankara a Satumba 2024 don kare koguna, su aka kwashe aka kulle.

GEMUN ƊAN'UWA YA KAMA WUTA

Wani zai ce galamse matsalar mutanen daji ce. A ƙarshen Agusta 2024 Kamfanin Ruwa da kansa ya sanar cewa matatar Sekyere Hemang, mai shayar da Cape Coast da Elmina daga kogin Pra, an gina ta ne don ruwan da ma'aunin lakarsa bai wuce 2,000 ba, amma abin da ke shigo mata ya kai 14,000. Ninki bakwai ke nan. Mutanen Elubo kuwa suna kallon kogin Tano kullum, ya koma kamar kunu. Laka ido na ganinta. Sinadarin makuri da ake wanke zinare da shi ba ya nuna kansa, kuma tafasawa ba ta kawar da shi.

Kogin Densu da ke cika madatsar Weija daga dajin Atewa yake ɓuɓɓugowa, kusa da Kyebi, garin su Akufo-Addo. Wannan dajin ne gwamnati ta sa wa ido don haƙar boksait, har ƙungiyoyin kare muhalli suka kai ta kotu a 2020. Duk abin da aka zuba a Atewa, ƙarshensa randar mutumin Ankara.

A watan Oktoba 2024 kwalara ta ɓulla a Ada, cikin yankinmu na Babbar Ankara, ta kuma yaɗu. A unguwa irin tamu, inda gida ɗaya ke da ɗakuna goma da famfo guda, ba ta neman izini.

ABIN DA ZA SU CE

Za su tuna muku da kwalarar 2014. Mun fi su tunawa, domin mu muka yi jinya, mu muka kai makwanci. Amma a Disambar wannan shekara John Dramani Mahama ya buɗe faɗaɗa matatar Kpong, ƙarin galan miliyan 40 a kullum, a 2015 kuma ya buɗe matatar tace ruwan teku ta Teshie. Su nuna mana sabuwar matata irin wannan da suka gina wa Ankara cikin shekara takwas. Mutanen Tamale ma an sara musu ƙasa a Yuli 2020, har 2024 suna jira.

Za su ce 'yan majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Arewa namu ne. Ɗan majalisa ba ya naɗa shugaban Kamfanin Ruwa, ba ya sakin kuɗin baitulmali, ba ya ba da lasisin haƙar zinare. Wannan duk aikin fadar shugaban ƙasa ne.

Za su ce Dakta Bawumia ɗan'uwanmu ne Musulmi. Muna girmama shi. Shi da bakinsa ya ce yaron mota ne. Shekara takwas yana cikin motar, yana ganin inda ta nufa. Ruwan da muke alwala da shi, muke wanke mamatanmu da shi, ba ya tsarkaka da sunan ɗan takara.

ABIN DA ZA MU YI

Daga yau: a zubar da ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewa, a tafasa na sha, a rufe randa da duro, a wanke hannu da sabulu. Wanda amai da gudawa suka kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi Asibitin Mamobi ko mafi kusa, kada a jira gari ya waye.

NDC ta yi alkawarin hana haƙar ma'adinai a keɓaɓɓun dazuzzuka da soke harajin korona. Ku riƙe mu da wannan. Kuma duk ɗan takarar da ya shigo lungunku, namu ne ko nasu, ku sa shi ya amsa a gaban sarakunan Zango da limamai: yaushe za a ɗage bututu daga kwata? Yaushe za a buga jadawalin ranakun ba da ruwa? Yaushe za a riƙa gwada ruwan unguwa a liƙa sakamakon a ƙofar masallaci?

Ranar 7 ga Disamba a fito da wuri, a riƙe katin zaɓe, a taimaki tsofaffi. Lamba 8, alamar lema, John Dramani Mahama. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.