Waiwaye: Kombin da ta ƙi tashi a Konni

Wanda ya yi wayo a Birnin Konni a shekarun 1980 ba zai manta da Turawan da ke ratso Sahara ba. Ta Tamanrasset suke biyowa, su shigo ta Assamaka, su wuce Arlit da Agadas da Tawa, su faɗo babbar hanya a Tsernawa. Da yawansu Peugeot 504 suke kawowa su sayar. Wasu kuma Volkswagen Kombi ce ɗakinsu, da gado da murhu a ciki, inji a baya, ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi. A lokacin ina koyon kanikanci a garejin kawuna.

Wata rana da la'asar aka turo mana irin wannan Kombi. Da safe takan tashi lafiya lau. In ta ɗauki zafi aka kashe ta, sai a murɗa makulli a ji ƙas sau ɗaya, shi ke nan. Mai ita har sabon batir ya saya a Agadas, bai ga canji ba. Kawu na masallaci, ni kuwa na yanke cewa demarar ce ta mutu, wadda 'yan Najeriya ke kira kik. Na kwance ta, na faɗa wa baƙon kuɗin sabuwa.

Da Kawu ya dawo, ya haɗa ta da batir a ƙasa, ta juya garau. Bai ɗaga murya ba.

"Maida ta, ɗana. Ka bi wutar nan da hannu, daga inda ta fito har inda take komawa."

Komawar ce ban taɓa tunani a kai ba. Wuta na fita daga batir ta waya, amma ta jikin ƙarfen mota take dawowa, abin da muke kira mas. A Kombi akwai wata saƙaƙƙiyar waya ta jan ƙarfe da ke haɗa akwatin giya da jikin motar, can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa. Kawu ya sa baƙon ya riƙa murɗa makulli, ni ina taɓa kowace mahaɗa. Kawunan batir sanyi ƙalau. Da na kai ga waccan wayar sai na ji ta da zafi, ta yi kore shar, rabin zarenta ya ruguje. Fitila ba ta damu da ɗan tsatsa ba, shi ya sa take kamawa har a ɗauka komai lafiya. Demarar kuwa tana jan sama da amfiya 100, kuma ɗan tsatsan nan ya isa ya shaƙe ta.

Mutane na cewa tsatsa ciwon bakin teku ne, me zai kawo shi ƙasar rairayi? Ai da shi motocin suke zuwa, daga titunan Turai da ake watsa wa gishiri lokacin ƙanƙara. Tururin ruwan batir da damina su ƙarasa aikin. Haka ma motocin da suka riƙa shigowa daga Kwatano ta Gaya suke.

Muka cire wayar mas ta batir da farko, muka wanke kawunan da ruwan kanwa, muka goge kowace mahaɗa da sanfefa har ta yi ƙyalli, aka sa sabuwar waya, aka shafa giris. Yanzu ma'aunin wuta ya yi araha: cikakken batir 12.6 yake nunawa, kuma mahaɗar da ke cinye rabin bolt lokacin tada inji ta lalace. Duk da haka ina ganin direbobin albasar Galmi ana sa su sayen demarar da batir ba a ko leƙa ƙarƙashin mota ba, abin na ci mini rai.

Kawu bai bar ni haka ba. Ya ce ni da bakina zan je in gaya wa baƙon cewa kuɗin da na faɗa da farko kuskure ne. Na je na faɗa, ya biya kuɗin waya da na aiki. Washegari da hantsi ya kama hanyar Dogon Dutsi.