Malamin da Ya San Sunan Yaro

Sharhinmu na yau ya taso ne daga Bagama, cikin garin Suleja, inda kowace safiya iyaye ke rabuwa gida biyu. Masu ɗan hali su ɗora 'ya'yansu a babur zuwa makarantun kuɗi, sauran kuma su tura nasu firamaren gwamnati suna roƙon Allah ya haɗa su da malami nagari. Addu'a ce mai kyau, sai dai tana nuna cewa mun mayar da samun malamin kirki abin dace, alhali tarihin garin nan ya nuna hukuma ce ke samar da shi, idan ta sa kanta.

Sarki Sulaimanu Barau, wanda aka sa wa garin nan sunansa bayan an ba babban birnin tarayya sunan Abuja, malamin makaranta ne kafin ya zama sarki. Ya yi makarantar lardi ta Bida, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya koyar a Keffi da Bida, sannan ya hau gadon sarauta a 1944. Kwalejin nan ta Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya koyar a Midil ta Bauchi. Abin lura shi ne a wancan zamani yaron da ya fi kowa ƙoƙari shi ake zaɓa a horar shekara biyar a mayar da shi aji. Daga irin waɗannan hannaye ne makarantar sakandare ta lardi da ke Bida ta fitar da aji ɗaya, tsakanin 1957 da 1962, wanda a cikinsa akwai Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Gado Nasko da Sani Bello. Ko me mutum zai ce game da mulkinsu, makarantar gwamnati ce ta buɗe musu hanya.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a nan garin, ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew. Ladi Kwali ta riga ta iya gini tun tana yarinya, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koya, kuma Sarki Barau na tara tukwanenta a fada. A can Cardew ya gan su, ya gane aikin gwana ne, a 1954 ta shiga cibiyar. Yau hotonta na jikin takardar naira 20. Malamin bai zuba mata baiwa ba, ya dai gan ta, ya ba ta kayan aiki da lokaci. Irin wannan baiwa tana nan zaune a ƙasa a azuzuwan Bagama, abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai hango ta.

Wani zai ce ai waɗancan makarantu ɗalibansu kaɗan ne, zaɓaɓɓu ne, ba za a gwada su da na yanzu ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da lardi guda ke da sakandare ɗaya. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganarmu ne. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi lissafi, aka riƙa horar da malamai a gurguje don toshe giɓi. An buɗe ƙofa, wanda daidai ne, amma ba a shirya isassun masu tarbar yaran ba, kuma har yau ba mu gama biyan wannan bashi ba. Ko a Amurka, binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya bi sawun yara fiye da miliyan ɗaya har suka girma, ya nuna cewa waɗanda suka samu ƙwararrun malamai sun fi zuwa jami'a, sun kuma fi samun kuɗi a wurin aiki. Yaran makarantun gwamnati ne na gama-gari, ba zaɓaɓɓu ba.

Wani kuma zai ce tausayi da kulawa hali ne, kuɗin gwamnati ba ya sayen su. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, mun san malaman da ke sayen alli da kuɗin aljihunsu, suna bin yaro har gida idan ya kwana biyu bai zo ba. Allah ya saka musu. Sai dai hali nagari ma yana buƙatar fili. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35. Malamar da aka cusa wa ninkin wannan ko fiye, ta yaya za ta gane cewa yarinyar da ke can baya ba ta ganin allo ne, ba daƙiƙiya ba ce? Kafin ta gama kiran suna rabin darasi ya wuce. Ga kuma tsadar Suleja: ma'aikatan Abuja sun cika gari, kuɗin haya ya hau, malamin firamare na gogayya da su a kan ɗaki da kwanon masara. Wanda dole ta sa shi yin acaba bayan an tashi, ba shi da sauran ƙarfin duba littattafan yara da dare. Ba rashin tausayi ba ne, gajiya ce.

Su kuma masu cewa a bar wa makarantun kuɗi aikin, sai su duba waɗanda za a bari a baya: ɗan mai faskare, 'yar mai ƙosai, marayan da kakarsa ke riƙo. Akwai makarantun kuɗi masu kyau a Suleja, akwai kuma waɗanda gidan haya ne aka kafa wa allo, malamansu ba su da takardar koyarwa. Gwamnati ma ta san yadda ake yin makaranta mai kyau, ga makarantar tarayya ta yara masu baiwa nan cikin garin. To amma yaron da zai ci jarrabawar shigarta, sai wani malamin firamare ya fara koya masa karatu da lissafi, ya kuma cike masa fom.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa. Galibi abin da ake nuna wa jama'a shi ne sabon gini da fenti, domin su ake iya yanka wa kirtani a ɗauki hoto. Gini na da amfani, yaro ba ya karatu ruwa na zuba a kansa. Amma muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Neja da sashen ilimi na ƙaramar hukumar Suleja su sa malami a gaba: a ɗauki masu shaidar NCE da aka gwada aka ga sun iya, a raba su gwargwadon yawan yara ba gwargwadon alfarma ba, a biya albashi da ƙarin girma a kan kari. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65 za ta riƙe tsofaffin hannu na ɗan lokaci, amma ba ta kawo sababbi ba.

Iyaye a Bagama su ma suna da abin yi wanda ba ya cin ko sisi. Kowace makaranta na da kwamitin iyaye da malamai. A zama na gaba, a tambayi hedimasta yara nawa ne a kowane aji, malamai nawa ne kuma ke shiga, a rubuta adadin a takarda, mai unguwa da limami da kansila su sa hannu, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin a fara ɗaukar 'yan aji ɗaya na baɗi.