Kiɗan mota: arahar waya tana iya cinye motar gaba ɗaya

A titunan Maradi, Damagaram da Yamai, sau da yawa ana jin kiɗan mota kafin a ga motar kanta. Matasa na kashe jikkuna masu yawa wajen sayen ampili da manyan lasifika, wasu ma ƴan uwansu da ke ƙasashen waje ne ke aiko musu da kayan. Amma da an zo kan waya da ladan mai haɗawa sai a fara neman araha. Nan ne haɗarin yake.

Batirin ƙaramar mota volt 12 yake bayarwa. Ampilin da ke fitar da watt 600 na gaske yana jan sama da amper 50, nauyin da siririyar waya ba za ta ɗauka ba sai ta yi zafi. Wayoyi masu araha kuma galibi alminiyom ne da aka shafa wa jan ƙarfe, ba sa ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, robar irin wannan waya ba ta jimawa take laushi.

Babban ganganci shi ne jan waya daga batir zuwa bayan mota ba tare da fizibil ba. Wurinsa kusa da batir ne, kada tazarar ta wuce santimita 45. In babu shi, ranar da ƙarfen mota ya yanke robar, wayar za ta yi jajir ƙarƙashin kafet, kuma wasu direbobi da jarkar fetur suke yawo a but. Haka nan dole a sa zoben roba a ramin da waya ke ratsa ƙarfe, a ɗaure gajeriyar wayar mas a ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Lasifika ma da lissafinsu. Biyu masu ohm 4 in aka haɗa su kai da kai sun koma ohm 2, kuma ba kowane ampili ke jure hakan ba.

Wasu za su ce ƙwararren mai gyaran wutar mota yana da tsada. Gaskiya ne, amma ladansa bai kai kuɗin ampili ɗaya da ya ƙone ba, balle motar da iyali ke ci da ita. Kafin mai mota ya biya, ya kamata ya ce a nuna masa fizibil, ya duba kaurin waya da idonsa. Mai haɗawar da ya kasa nuna waɗannan biyu, a ɗauke mota a kai wa wani.